Damagaram a Cikin Tsofaffin Jaridu da Mujallu

 

Abin da wannan jawabi zai taɓo ƙaramin abu ne a ido, domin takarda ce kawai da ta tsufa har ta yi ja. A gidaje da dama na wannan gari akwai akwatin ƙarfe da aka tura ƙarƙashin gado, ko adaka a ƙuryar ɗaki, wadda mai ita ya daɗe da rasuwa. In an buɗe akan iske takardar haraji, da katin tsohon soja, da wasiƙun ajami, sa'an nan can ƙasa a tarar da jaridu da mujallu a ninke, wasu da Faransanci wasu da Hausa, gara ta ci gefensu. Duk wanda ya taɓa ganin dattijo ya ɗauki irin wannan takarda ya san abin da ke biyo baya. Sai ya yi shiru, ya ƙura wa hoto ido, ya ɗora yatsa a kai ya ce nan da akwai tsamiya, nan kuwa rijiya ce, wannan da ke riƙe da linzami maƙwabcinsu ne. Daga nan hira ta ɓarke, ba ta ƙarewa sai an kira salla.

Wannan abin da ke kama dattijo shi ne bege. Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma su ne kuma suka ce waiwaye adon tafiya. Saboda haka ya kamata a tsaya a duba ko wane ne ya rubuta waɗannan takardu, da abin da suka nuna na Damagaram, da abin da suka bari, domin a san abin da ake bege, a kuma san abin da za a yi da begen.

Garin a idon baƙi

Tun kafin zuwan jarida, an san Damagaram a ƙasashen nesa ta hanyar littattafan matafiya. Bajamushen nan Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka a garin a ƙarshen 1852, zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya kuma sa aka ƙera manyan bindigogi a cikin gari. A wancan lokaci ayarin fatake na tashi daga Zango su bi ta Agadas zuwa Tarabulus da fatu da gashin jimina, wasu kuma su gangara Kano ko su yi gabas zuwa Kukawa.

Sunan garin ya shiga jaridun Faransa da ƙarfi bayan kisan Kyaftin Cazemajou a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, da kuma yaƙin Tirmini na watan Yuli 1899, wanda bayansa sojan Faransa suka shiga gari. A 1906 Nasara suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin ƙulla musu makirci, suka kai shi Kodebuwa, aka bar gari a hannun Bellama. Sai a 1923 aka mayar da sarauta gidanta da naɗin Barma Mustafa. A tsakanin nan, daga 1911 zuwa 1926, Damagaram ce hedikwatar ƙasar Nijar baki ɗaya, kafin Gwamna Brévié ya mayar da ita Yamai.

A ƙarshen 1924 wani ayarin motoci takwas na kamfanin Citroën, masu sarƙa a madadin ƙafafun baya, ya ratso hamada ya biyo ta Yamai da Tasawa ya sauka a Damagaram kan hanyarsa ta zuwa tabkin Cadi. A cikin ayarin akwai masu ɗaukar hoto, akwai kuma mai zane, Iacovleff, wanda ya zana surar Sarki Barma. Labarin wannan tafiya da hotunanta sun fito a manyan mujallun Turai da Amurka. Wanda ya dubi hotunan wancan zamani a yau zai ga ganuwa tana tsaye, da ƙofar fada, da dawaki cikin lifidi, da masu kakaki da algaita, da manyan duwatsun nan da Birni ya jingina da su.

Waɗannan hotuna dukiya ne. Sai dai a tuna cewa an ɗauke su ne domin mai karatu na Paris ya yi mamaki. Mai ɗaukar hoto ya zaɓi abin da ya ga baƙo ne a idonsa, ya rubuta a ƙasa cewa wannan mahayi ne, wannan mai tallar nono ce, ba tare da ya tambayi sunan kowa ba. Ban da sarki da ƴan kaɗan daga cikin manya, mutanen Damagaram sun shiga waɗannan mujallu ba suna ba asali.

Jaridun maƙwabta da na gwamnati

Kashi na biyu su ne jaridun da ƴan Afirka suka rubuta da kansu. A watan Janairu 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana editanta. Tsakanin Damagaram da Kano tafiya ba ta taɓa yankewa ba, ko bayan da Faransa da Ingila suka ja iyaka, don haka ba abin mamaki ba ne a iske tsohon kwafinta a adakar ɗan kasuwar Zango. Ita ce ta nuna wa Hausawan kowane gefe cewa harshensu na iya ɗaukar labarin yaƙin duniya da muhawara kan mulki. Daga Dakar kuma, tun 1953, mujallar Bingo ke zuwa hannun malaman lakwal da ma'aikatan bariki, cike da hotunan ƴan ƙwallo da makaɗa da sababbin ɗinkuna.

Bayan samun ƴancin kai a ranar 3 ga Agusta 1960, gwamnatin Diori Hamani ta riƙa buga Le Temps du Niger. Da sojoji suka karɓi mulki a watan Afrilu 1974 ƙarƙashin Seyni Kountché, sai Le Sahel ta maye gurbinta, daga baya Sahel Dimanche ta biyo. A shafukan waɗannan jaridu ne ake ganin Damagaram ta zamanin gyaɗa, lokacin da kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, ke sayen amfanin manoman Mirya, Magarya da Matamai, buhuna su taru kamar tsauni a bakin sikeli, manyan motoci su yi ta jigila zuwa kudu. Wanda ya yi wannan zamani ya san yadda kakar gyaɗa ke motsa gari: tela ba ya barci, dukawa da maƙeran farfaru na samun ciniki, aure ya yawaita, kasuwar Alhamis ta cika har ta batse.

A cikinsu kuma ake iske labarin babban taron wasannin matasa na ƙasa da aka fara yi a Damagaram a 1976, da gasar kokowa ta ƙasa da aka buɗe a Tawa a 1975, wadda ƴan kokowar wannan jaha irin su Langa-Langa da Balla Haruna suka yi suna a cikinta. Nan ne mai neman tarihin wasan kwaikwayo zai ci karo da sunan Yazi Dogo da ƙungiyarsa, waɗanda suka sa ƙasa duka ta riƙa sauraren Hausar Damagaram tana dariya tana kuma ɗaukar darasi. Hawan salla, hawan ƙaho da wasan kara su ma sukan samu shafi in lokacinsu ya zagayo.

Amma jaridar gwamnati idon gwamnati ce. Takan zo gari ne ranar da minista ya zo, ta ɗauki hoton yanka ƙyalle da jerin ƴan lakwal masu tafi, ta koma Yamai. Kuma da Faransanci take magana, harshen da mafi yawan mutanen da ke cikin hotunan ba su karanta shi. Sai a 1990, da fitowar Haské, aka fara samun jaridu masu zaman kansu da ke faɗin abin da hukuma ba ta so a ji.

Jaridun yaƙi da jahilci

Kashi na uku su ne mafi ƙanƙanta, su ne kuma suka fi cancanta a neme su. Bayan da aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a farkon shekarun 1960, an ga cewa dattijon da ya koyi karatu da dare zai manta in ba shi da abin karantawa. Don haka aka ƙirƙiro ƙananan jaridu cikin harsunan ƙasa. Akwai Gangaa, wadda ta shafi ƙasa baki ɗaya, akwai Saabon Ra'ayii a wajen Tawa, a nan kuma akwai Muryar Damagaram. Ba su da takarda mai sheƙi, ba su da hotuna masu launi. Yawancinsu da keken rubutu aka buga su, aka juya da injin hannu, zanen da ke ciki ma da alƙalami aka yi shi.

Yaron yau da ya ɗauki ɗaya daga cikinsu zai yi tuntuɓe da rubutun, domin a wancan lokaci, bisa tsarin da aka amince da shi a taron Bamako na 1966, ana ninka wasali in dogo ne. Shi ya sa sunan jaridar kansa ya zo da baƙaƙe fiye da yadda ake rubuta shi yanzu. In ya daure ya saba, zai ji muryar da babu ita a sauran takardun. Zai karanta yadda ake wanke iri da magani kafin shuka, da yadda manomi zai duba sikeli da kansa kada a cuce shi, da lissafin bashin ƙungiyar manoma, da gargaɗi kan ƙyanda da ruwan tabki. Zai kuma iske wasiƙun masu karatu, da tatsuniyoyi da karin magana da mutane suka aiko daga ƙauyuka. A nan ne talaka ya fara ganin maganarsa a buge, da harshen da ya sha a nono.

Tun daga watan Maris 2025, dokar ƙasa ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar. Wannan ya ƙara wa waɗancan ƴan takardu daraja, domin duk mai son sanin yadda aka fara rubuta sha'anin noma, lafiya da lissafi da Hausar wannan ƙasa, wurinsu zai koma.

Abin da takarda ba ta faɗa ba

Mai bege yakan tuna daɗi ya manta wuya, jarida kuma takan taya shi mantuwa. Mujallun zamanin Nasara sun nuna hanyoyi da gine-ginen bariki, amma ba su cika nuna waɗanda suka ɗauki dutse da ka ba, alhali aikin tilas bai ƙare ba sai da dokar 1946. Yunwar 1913 zuwa 1914 ta fi zama a bakin tsofaffi fiye da a takarda. Jaridun da suka yi ta yabon gyaɗa sun rage murya lokacin da farin 1973 da 1974, da cutar da ta biyo baya a 1975, suka karya nomanta, har gidaje da yawa suka koma cin rani.

Haka nan batun ruwa. Ƙarancinsa na cikin dalilan da aka bayar na ɗauke hedikwata daga garin, kuma ya bi mutanen Damagaram shekara da shekaru, daga rijiyoyin Arunguza zuwa madatsun Gogo da Macaya. Hoton famfon da aka buɗe yana nan a jarida. Macen da ta tashi da asuba ta bi layi da tulu, da ɗan ga-ruwan da kafaɗarsa ta yi kanta, ba kasafai aka ɗauke su hoto ba. Mata gaba ɗaya, waɗanda suka riƙe gidaje da sana'ar ƙuli-ƙuli da fura da saƙa, sun fi fitowa a bayan hoto fiye da a gabansa.

Faɗin wannan ba rage darajar magabata ba ne. Sanin wuyar da suka sha shi ke nuna girman abin da suka gina. Kuma garin bai tsaya inda tsofaffin jaridu suka bar shi ba. An buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011. Garin ya karɓi bikin 18 ga Disamba a 2018, aka yi masa sababbin tituna da gine-gine. Yana da jami'a mai ɗauke da sunan ɗansa André Salifou, wanda ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19 da aka buga a 1971. Tun 2006 kuma unguwar Birni da fada suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO domin neman a sa su cikin kayan tarihin duniya.

To, in haka ne, mene ne dattijo ke bege in ya dubi tsohon hoto? In aka saurare shi da kyau, ba ƙishirwa yake kewa ba, ba kuma haraji ba. Yana kewar garin da kowa ya san gidan kowa, inda yaro na kowa ne, inda maginin da ya yi zanen soro ake sanin sunansa da na wanda ya koya masa. Hoton ya tuna masa da mutane, kuma shi kaɗai ya rage da ya san su.

Abin da ke gaban mutanen gari

Nan ne maganar ta zama ta gaggawa, domin abu biyu ne ke ƙarewa tare. Na farko takardun kansu. Takardar jarida ba a yi ta don ta daɗe ba. Gara na ci, ɓera na ci, rufin ƙasa in ya yi yoyo da damina ya gama da akwati guda a dare ɗaya. In mai gida ya rasu aka zo rabon gado, akan ɗauki tsofaffin jaridu a matsayin shara, a ba mai tsire ko mai ƙosai ya naɗe kaya da su. Na biyu kuwa mutanen da za su iya fassara hotunan. Wanda yake saurayi ranar samun ƴancin kai, yau ya haura tamanin. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da cibiyar binciken IRSH a Yamai suna riƙe da wani kaso na waɗannan jaridu, amma ko an same su a can, babu ma'aikacin da zai iya cewa wannan mai rawani wane ne, ɗan wace unguwa ne. Wannan sani yana cikin zaurukan Birni da Zango da Sabon Gari da Garin Malam, kuma kowace shekara yana raguwa.

Saboda haka ga shawarwari da ake miƙa wa fada da jama'a, cikin ladabi.

Na ɗaya, fada ta yi kira, ta bakin masu unguwanni da gidajen rediyo, cewa duk mai tsohuwar jarida, mujalla ko hoto ya fito da shi a gani. Kiran fada ya fi na kowa shiga gida, domin mutane na sakin jiki da ita.

Na biyu, kada a karɓe wa kowa kayansa. A ɗauki hoton kowane shafi, ko da da wayar salula ce mai kyau, a rubuta sunan jaridar da ranar fitowarta da gidan da ta fito a cikin rajista, a mayar wa mai ita da abinsa. Mutum ya fi sakin abin da ya san zai dawo masa.

Na uku, a zaunar da dattawa maza da mata a gaban hotunan, ɗalibai na gefe da alƙalami da na'urar ɗaukar murya, a rubuta sunan kowane mutum da kowane wuri da suka gane. Ɗaliban tarihi na jami'a da na manyan makarantu za su iya wannan aiki a lokacin hutu, kuma su ma za su ƙaru.

Na huɗu, a ajiye abin da aka tara a wuri fiye da ɗaya: a fada, a gidan tarihi na jaha, a jami'a, domin in wuta ko ruwa ya ci ɗaya, saura su tsira. Waɗanda suka zaɓi riƙe nasu a gida, a nuna musu yadda za su shimfiɗa takardun ba ninki, a cikin akwatin ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa, nesa da bango mai laima.

Na biyar, a zaɓi wasu shafuka a kai su lakwal-lakwal, yara su karanta labarin unguwarsu da Hausar kakanninsu. Abin da ya dace da Damagaram a nan ya dace da Maraɗi da Tasawa, da Tawa da Ƙonni, domin kowane gari na da adakarsa.

Aikin ba ya bukatar dukiya mai yawa. Yana bukatar izinin manya, da haƙurin zama da tsofaffi, da a fara shi tun masu sanin suna raye. Baƙi sun ɗauki hoton kakannin wannan gari ba su tambayi sunansu ba. Jikokinsu na da damar mayar musu da sunayen, kuma yanzu ne lokacin da ya dace a soma.

Allah ya jiƙan sarakunan da suka gabata da talakawansu. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya zaunar da ƙasa lafiya, ya ba da damina mai albarka. Allah ya mayar da baƙi gidajensu lafiya.